Cokalin Ruwan da Ake Ɗura wa Jarirai, da Mazan da ke Cewa Ba Ruwansu

A watan Afrilu, lokacin da zafin Kabi ke kan ganiyarsa, na je Argungu sunan ɗan ƙanwata. Haihuwarta ta biyu ce, don haka a ɗakinta take jego, uwar mijinta ke kula da ita. Na shiga ciki in yi barka, sai na tarar da tsohuwar ta ɗora jaririn a cinya, ta matse masa kumatu, tana ɗura masa ruwa da cokali daga wani kofin roba. Kwanansa bakwai a duniya.

Ƙanwata ta gama sakandare, ta je awo, an kuma gaya mata abin da ya kamata. Ta ɗago ta dube ni, ta sake sunkuyar da kai.

Na ce, "Inna, ai an ce a dakata da ruwa sai ya cika wata shida."

Ta ce, "Kai ɗan nan, wanga zahi ko raƙumi na biɗar ruwa. Mi kas sani ga goyo?"

Na ja bakina na fito. A ƙofar gida maza sun cika tabarmi, ana ta lissafin kuɗin taki da na man injin ban ruwa. Na kawo maganar a gaban uban yaron. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, wanga ai zancen mata na."

Tsohuwar ba ta ɓata min rai ba. Abin da ta gada ta yi, kuma don ƙaunar jikanta ta yi shi. Maganar uban ce ta tsaya min a wuya tun daga Argungu har Birnin Kebbi. A ganina shayar da jariri nono zalla na wata shida lamari ne na lafiyar al'umma, daidai da rigakafi da ruwan sha, kuma ya kamata gwamnati da sarakuna da malamai su ɗauke shi haka. Abin da ya hana mu ci gaba a kansa shi ne mun jibge shi a kan mutum ɗaya, mai jego, wadda ita ce mafi ƙarancin ta cewa a gidan.

Ai matanmu suna shayarwa

Wannan ce amsar farko da ake ba ni, kuma gaskiya ce. Da wuya ka ga Bahaushiya ko Bafulatana ko Badakkara a jihar nan da ta ƙi ba ɗanta nono. Wasu har kusan shekara biyu suke kaiwa. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ake haɗawa da nonon: ruwa, zuma, ruwan dabino, bauri, madarar akuya, daga baya koko tun yaro bai cika wata uku ba.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ba ta da wuyar riƙewa. A sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. A ba shi nono kaɗai, ko ruwa babu, har wata shida, sai dai magani ko rigakafi in ma'aikacin lafiya ya ce. Daga nan a fara ƙara abinci, a ci gaba da nono har shekara biyu ko fiye.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida ke samun nono zalla. A 2013 kashi 17 ne, wato ana motsawa, amma tafiyar hawainiya. Binciken nan dai shi ne ya sa Kebbi a sahun gaba a abu biyu da ba a alfahari da su: kashi 66 cikin 100 na yaranmu 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, sannan yara 252 cikin kowane 1,000 ba sa kaiwa shekara biyar. Jihar da ke tinƙaho da shinkafa da kifi da albasa ke nan.

Zafi da ƙishirwa

Hujjar Inna ita ce mafi ƙarfi, don kowa na jin ta a maƙogwaronsa. Babba ya sha ruwa sau goma a yini, ta yaya za a ce jariri ba ya bukata?

Yana bukata, kuma yana samu. Kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. In yaro ya ji ƙishi zai nemi nono akai-akai, ya ɗan tsotsa ya saki, ƙishin ya tafi. Wadda ya kamata a cika wa moɗa a lokacin zafi ita ce uwar.

Sannan a tambayi kai, wane ruwa ne a cokalin? Na randar da kowa ke tsoma moɗa a ciki. Na rijiyar da ba ta da murfi. A garuruwan bakin gulbi, wani lokaci na gulbin kansa. Cikin babba ya saba, na ɗan kwana bakwai bai saba da komai ba. Daga nan gudawa ke farawa, sai a ce haƙori ne, ko da yake yaron ko dasashi bai yi tauri ba. Gudawa ta zuƙe shi, maɗiga ta faɗa, a kira wanzami ko a nemo tsimi, a ƙara masa wani ruwan a kan na farko.

Ko da ruwan mai tsabta ne, akwai wata ɓarnar. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne; a ranar farko bai fi ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Duk gurbin da ruwa ya cika, nono ya rasa shi. Yaro ya rage tsotso, shi kuwa nono gwargwadon tsotso yake kawowa. Bayan mako biyu sai ka ji ana cewa, "Ai nononta ba ya isarsa." Mu muka rage shi da hannunmu.

"Mu ma haka aka raine mu"

Haka ne, kuma ga mu da rai. Amma duk mai faɗin wannan ya je ya zauna da mahaifiyarsa ya tambaye ta haihuwa nawa ta yi, nawa suka rage. Ni na tambayi tawa. Tara ta haifa, mu biyar muka girma. Waɗanda suka tafi ba sa zaman majalisa balle su ba da tasu shaidar.

Ban ce ruwan cokali ne ya ɗauke su duka ba. Akwai zazzaɓin cizon sauro, akwai ƙyanda, kuma rai na Allah ne. Amma wanda ya ce mu yi tawakkali shi ne ya ce mu ɗaure raƙumi. Mujallar likitoci ta Lancet ta yi ƙiyasi a 2016 cewa in shayarwa ta wadata yadda ya kamata a duniya, za a tsirar da yara sama da 800,000 duk shekara. Babu kuɗin sayen wannan maganin, babu layin karɓarsa, ba ya neman firji.

Dakashi

Har yanzu akwai gidajen da ake tatse dakashi a zubar, wai dauɗa ce ko yana da dafi, a riƙa lallaɓa yaro da ruwan ɗumi har kwana biyu ko uku kafin "nono na gaskiya" ya zo. Abin mamaki, makiyayin da ke cikin gidan ba zai taɓa yarda a hana ɗan maraƙinsa dakashi ba, don ya san ƙarshen maraƙin da bai sha ba.

Wannan ruwan rawaya mai kauri shi ne kariyar farko da yaro ke samu daga jikin uwarsa, kuma yana taimaka masa fitar da baƙin kashin farko. Uwar ma tana da riba: tsotson farko na sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. A inda mata da yawa ke haihuwa a gida, nesa da inda za a ƙara musu jini, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wasu kan kawo maganar tahniki, wato tauna dabino a shafa wa jariri a ganɗa. Sunna ce, ba ni da ja a kanta. Amma shafa ɗan abu sau ɗaya daban, jiƙa dabino a kofi a yi kwanaki ana ɗurawa daban. Zuma kuwa likitoci sun hana ba yaron da bai cika shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta wadda hanjin jariri ba ya iya yaƙa.

Uwar da ba ta ƙoshi ba

Nan ne na fi son maza su tsaya, don nan ne "zancen mata" ya zama namu.

Wata ma'aikaciyar jinya da na sani ta ce min abin da ta fi ji a bakin masu jego shi ne, "Ni kaina ban ci ba, me zan ba shi?" Wannan ba jahilci ba ne, yunwa ce. A kimiyyance ko uwar da ba ta samun isasshen abinci jikinta na yin nono, sai dai daga namanta da ƙashinta yake tatsowa. Yaro ya samu, ita ta ƙare. Mai shayarwa na bukatar ƙarin abinci kamar na kwano guda a kan abin da ta saba ci kullum, tare da ruwa da hutu.

Yanzu duba yadda muke yi. Ranar suna a yanka rago, a soye shi, a raba wa dangi da maƙwabta, a sa wa mai jego nata kason, ta ci kwana biyu ya ƙare. A dama mata kunun kanwa, a gasa ta da ruwan zafi safe da yamma. Da an yi arba'in shi ke nan, ta koma daka da surfe da ɗibar ruwa da wankin gida, in lokacin girbi ne har da sussukar shinkafa. Maigida kuwa in ya fita kasuwa ya tsaya wurin mai tsire ya ci na dubu, ya sha shayi da ƙwai, ya shigo gida hannu na dukan cinya, ya tarar da yaro na kuka ya ce, "Ke ba ki iya ba shi nono ba ne?"

Ayar da kowa ya haddace a kan shayarwa ita ce ta 233 a Suratul Baƙara, inda aka ce uwaye su shayar da 'ya'yansu shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa. Muna karanta farkonta mu juya mu dubi mata. Ci gaban ayar nan take ya ɗora ciyar da su da tufatar da su a kan uban da aka haifa wa ɗan. A Suratuɗ Ɗalaƙ har cewa aka yi in matar da aka saki ta shayar muku, ku biya ta ladanta. Shari'a ta ɗauki shayarwa aiki mai daraja har ta yi wa mai shayarwa rangwamen ajiye azumi in tana tsoron cutuwa ga kanta ko ɗanta. To a ina muka samo cewa babu ruwan namiji?

Kuma abin da ake nema ba kayan kanti ba ne. Wake, gyaɗa, zogale, rama, ƙwai, fura da nono mai kyau, busasshen kifi wanda Yawuri da Argungu ke lodawa zuwa Kudu. Mudun wake ɗaya da ƙullin kifi a mako, ga wanda ke da hali, ya fi atamfar fitar suna amfani nesa ba kusa ba. Wanda ba shi da hali ko ɗaya, shi ne ya kamata tallafin gwamnati ya fara nema, ta hannun matar, ba ta hannun wakilin mazaɓa ba.

Akwai kuma maganar kwanika, wadda ba a son faɗi a bainar jama'a. Mace ta samu ciki tana goyon ɗan wata bakwai, a ce nono ya lalace, a yaye yaro rana ɗaya, a shafa maɗaci, a kai shi gidan kaka. Yaran da ke ƙarewa a gadon masu tamowa da yawansu ta wannan ƙofa suka shiga. Ciki ba ya sa nono ya zama guba. Mai lafiyayyen ciki na iya ci gaba da shayarwa. Kuma shayarwa zalla ita kanta tana jinkirta ɗaukar ciki a wata shidan farko, muddin al'ada ba ta dawo ba. Bayan nan sai miji da mata su je asibiti tare su nemi shawara. Ciki dai ba ita kaɗai ta yi shi ba.

Madarar gwangwani

A ƙauye ruwa ne matsala, a Birnin Kebbi da Jega da Zuru gwangwani ya fara shigowa. Wasu na ganinsa alamar wayewa, a jera shi a kan tebur baƙi su gani.

Jaririn da ke kan madarar gwangwani kaɗai na shan kimanin kilo 20 a wata shida, wato gwangwani 50 masu giram 400. Ka shiga kanti ka tambayi kuɗin guda ɗaya, ka ninka sau 50, ka ajiye shi kusa da albashin malamin firamare. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne a fara da ƙarfi, kuɗi su gaza, a koma tsinka madarar da ruwa don ta kai ƙarshen wata, ko a koma madarar shayi. A lokacin nonon uwa ya riga ya janye. Ga bulunboti da ake wankewa da ruwan sanyi, ƙuda na bin bakinsa.

Tun 1981 Majalisar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙa'idar da ta hana tallata madarar jarirai ga jama'a da raba ta kyauta ta hannun ma'aikatan lafiya. A Nijeriya NAFDAC ce ke da alhakin sa ido. Ina so in ga sa idon ya kai kantunan magani na unguwa, inda yaron kanti ne ke zama likita.

Ban manta da waɗanda dole ta sa su ba. Uwa ta rasu wurin haihuwa, ko tana kwance rai a hannun Allah. Waɗannan madara ceto ce gare su, kuma bai halatta a bi su da gori ba. A da in haka ta faru dangi kan nemo mai shayarwa, abin da addini ya san da shi har ya gina hukuncin 'yan'uwantaka a kansa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da shi. A yau sai a haɗa da gwajin jini kafin a miƙa yaro. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau ma, in tana shan maganinta yadda aka tsara, shawarar da ake bayarwa a ƙasar nan ita ce ta shayar.

Sai ma'aikatan gwamnati mata. Ana ce wa malamar makaranta ta yi nono zalla wata shida, sannan a ce ta dawo aiki tun yaro bai iya zama ba. Dokar ƙwadago mako 12 ta ba da. Gwamnatin tarayya na ba ma'aikatanta mako 16, a 2021 kuma ta amince da kwana 14 ga uba. Legas ta ba da wata shida tun 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Duk jihar da ke son a yarda da gaske take, sai hutun da take bayarwa ya yi daidai da wa'azin da take yi, ta kuma ware ɗaki a sakatariya da manyan makarantu inda uwa za ta shayar ko ta tatsa ta ajiye.

Ga 'yan bindiga, ga tsadar rayuwa, sai zancen nono?

Wani abokina ya faɗa min haka, yana nuni da abin da ke faruwa a ƙasar Zuru da maƙwabtanmu na Zamfara. Na fahimce shi. Amma ka yi tunanin matar da ta gudo cikin dare da goyo a baya, ta kwana a ajin firamare a wani gari. Babu itacen tafasa ruwa, babu sabulu, babu kanti. Abinci ɗaya tak mai tsabta da ya biyo yaron nan shi ne wanda ke jikin uwarsa. Firgici kan sa nono ya ɗan ɗauke na wani lokaci, amma yana dawowa in an ci gaba da sa yaro, an ba uwar abinci da wurin da hankalinta zai kwanta. Masu kai agaji su kai wa uwar hatsi da mai, su bar gwangwani sai inda ma'aikacin lafiya ya ga babu makawa.

Ƙungiyar likitoci ta MSF na jinyar yara masu tamowa a Maiyama ta nan jihar Kebbi da kuma wasu garuruwan Zamfara, kuma duk damina gadaje cika suke. Kowane yaro da ya kai can an kashe kuɗi da hawaye da yawa a kansa. Riga-kafi dai an ce ya fi magani, mu ne muka faɗa ba Bature ba.

Wa ake yi wa wa'azin?

Duk shekara daga 1 zuwa 7 ga Agusta ana makon shayarwa na duniya. A tara mata a zaure, a raba riguna da hijabai masu rubutu, a yi jawabi, a ɗauki hoto. Matan su koma gida inda uwar miji ke riƙe da cokali, miji kuma ke riƙe da aljihu. Ko ɗayansu bai je taron ba.

Mun san yadda ake sauya ra'ayin gari in an ga dama. Lokacin da mutane ke rufe ƙofa ga masu ɗigon shan-inna, ba fasta ce ta buɗe ƙofofin ba. Sarakuna ne suka fito, hakimai da dagatai da masu unguwa suka bi gida-gida, limamai suka yi huɗuba, har aka kai 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Samaila Muhammad Mera, shi ke jagorantar kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko. Hanyar na nan a share. Limamin da zai raɗa wa yaro suna da asuba, gaban duk mazan unguwa, minti biyu sun ishe shi ya karanta ayar nan har ƙarshenta.

Ta ɓangaren tsofaffi kuwa, kada a aiko musu 'yar shekara ashirin da farin kaya ta ce musu ba su iya goyo ba. Ba za su ji ba, ni ma shaida ne. Nana Asma'u 'yar Shehu ta gane wannan tun ƙarni na 19: dattijai mata ta zaɓa ta naɗa su jaji, su ne suka kai karatu ƙauyuka ga 'yan'uwansu mata. Ungozoma ita ce jajin wannan aiki. Hannunta ne ke fara taɓa yaro, bakinta ake ji a kan dakashi da ruwa. A koyar da ita, a girmama ta, a ba ta ɗan alawus da zai riƙa zuwa a kan kari. Malaman islamiyyar matan aure ma haka.

Na koma Argungu bayan arba'in. Wannan karon ban tunkari Inna ba. Na ja mijin ƙanwata gefe bayan la'asar, na karanta masa ayar, na yi masa lissafin gwangwani 50. Ya yi shiru, sannan ya ce shi fa ba zai iya ce wa mahaifiyarsa ta daina ba. Na ce ban ce ya yi musu da ita ba. Akwai ungozomar da ta karɓi haihuwar, ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, ya fara ta wurinta. Ya ce zai gwada. Da zan tafi na leƙa ɗakin in yi sallama, kofin robar na nan a kan taga, an kife shi, cokalin a gefensa. Ƙanwata ta rako ni zaure da yaron a kafaɗa, ta rage murya ta ce in zan sake zuwa in taho mata da gyaɗa.